RIƘE TSININ KIBIYARKA: Nasiha Ga Mai Ɗaukar Ƙaramar Bindiga A Motar A-Kori-Kura

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammad, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Akwai tambayar da take yawan shigo mini daga 'yan uwanmu mazauna Amurka, musamman na jihar Texas da maƙwabtanta, waɗanda neman abincinsu ya haɗa su da motar a-kori-kura: masu aikin gini, masu gyaran wuta da famfo, masu kai kaya garuruwa da gonaki. Tambayar ita ce: "Malam, dokar jiharmu ta ba ni dama. Shin ya halatta in riƙa tafiya da ƙaramar bindiga a motata? In ya halatta, ina ya kamata in ajiye ta?"

Na fahimci abin da ya sa ake wannan tambaya. Hanyoyin can dogaye ne, mutum yakan yi tafiyar awa uku da dare bai ga gari ba. Sannan Musulmin da ke zaune a ƙasashen Yamma ba su manta da harin masallacin birnin Quebec na ƙasar Kanada a watan Janairun 2017 ba, inda aka kashe mutum 6, da kuma harin masallatai biyu na Christchurch a New Zealand a watan Maris na 2019, inda aka kashe mutum 51. Tsoron yana da tushe.

Amsar a taƙaice ita ce: ya halatta da sharuɗɗa, kuma sharaɗin da ya fi kowanne nauyi shi ne kada wani bawan Allah ya cutu da makaminka saboda sakacinka. Yanzu sai mu bi ta dalla-dalla.

Kafin nan, wata faɗakarwa ga masu karatu daga gida Najeriya. Wannan magana ta masu zaune ne a inda doka ta yarda. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta wa mutum mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Don haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya ce malam ya ba shi lasisi. Sai dai ladubban da za mu ambata sun shafi duk wanda makami ya halatta a hannunsa, ko jami'in tsaro ne ko maharbi.

NA FARKO: HALACCI DA IYAKARSA

Kare rai da iyali da dukiya abu ne da shari'a ta tabbatar. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Amma malaman fiƙihu, a babin tunkuɗe ɗan ta'adda, sun shimfiɗa ƙa'ida: ana farawa ne da mafi sauƙi. In magana za ta kore shi, ba a kai hannu. In ihu ko gudu zai wadatar, ba a zare makami. A ruwayar Nasa'i, wani mutum ya tambayi Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Sai da ya umarce shi ya fara tunatar da mutumin Allah, sannan ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan ya nemi taimakon hukuma. Faɗa shi ne ya zo a ƙarshe. To, bindiga ita ce matakin ƙarshen ƙarshe.

Sai kuma batun doka. Wanda ya shiga ƙasa da biza, ko ya karɓi takardar zama, ya ƙulla alƙawari ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawari ta buɗe. Dokar tarayya ta Amurka ta hana wanda ba shi da takardun zama mallakar bindiga. Ta kuma hana mai bizar wucin gadi, kamar ɗalibi ko ɗan ziyara, sai a wasu 'yan togace-togace ƙalilan. Ɗan uwa ɗalibi, don ka ga abokinka ɗan ƙasa yana yawo da ita, wannan ba hujjarka ba ce. Kai in aka kama ka, ɗauri ne da kora daga ƙasar, karatun da iyayenka suka kashe wa dukiya ya tafi a banza.

Kuma kowace jiha da nata tsarin. A Texas, tun daga 1 ga Satumban 2021, wanda ya kai shekara 21 kuma babu wani hani a kansa yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Duk da haka, in tana cikin mota a inda ido zai gan ta, dole ta kasance cikin kubenta. A New York da New Jersey kuwa, abin da ka yi a Texas lafiya lau zai iya kai ka gidan yari. Sanin dokar jiharka wajibi ne a kanka kafin ka sayi makamin, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

NA BIYU: HADISIN DA YA ZAMA TUSHEN BABIN

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa Al-Ash'ari, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya umarci duk wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa ɗauke da kibau da ya riƙe tsininsu da tafin hannunsa, don kada ya ji wa wani Musulmi rauni.

Ku tsaya ku kalli wannan umarni da kyau. Bai hana mutumin ɗaukar kibau ba. Bai kuma ce wa jama'ar kasuwa su kauce masa ba. Nauyin ya ɗora shi a kan mai makamin. Kuma ina aka ce ya riƙe? Wajen kaifin. Ma'ana, in har wani zai ji zafi, to tafin hannun mai kibiyar ne ya fi cancanta, ba ƙafar mai wucewa ba. Duk wata takura da za ka sha wajen tsare makaminka, da kuɗin akwatin ƙarfe, da jinkirin buɗe makulli, wannan shi ne zafin tsinin a tafin hannunka. Kai ne ka zaɓi ɗauka, kai za ka jure.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa an hana miƙa takobi a zare. A maida shi kube tukuna, sannan a miƙa. Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa mala'iku suna la'antar wanda ya nuna ɗan uwansa da ƙarfe har sai ya bari, ko da ɗan uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dubi fa, ɗan uwa shaƙiƙi, wanda kowa ya san wasa ake yi. A wata ruwayar ta Bukhari da Muslim an bayyana dalili: mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya afka ramin wuta.

Masu koyar da harbi a Amurka suna da ƙa'idoji huɗu da ake dangantawa ga wani tsohon soja mai suna Jeff Cooper. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada ka juya bakinta ga abin da ba ka nufin halakawa. Yatsanka kada ya taɓa kunama sai ka yi niyyar harbi. Ka tabbatar da abin da kake hari da abin da ke bayansa. Wanda ya san hadisan da muka ambata ba zai ji baƙon abu a nan ba. Mu an koya mana wannan ladabi tun zamanin kwari da baka.

Kada kuma wani ya ce hadisin Musulmi ya ambata, ni kuma maƙwabtana Kiristoci ne. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ke da alƙawarin zaman lafiya da Musulmi ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Jinin direban da ke gefenka a kan titi haramun ne a kanka, ko wane addini yake bi.

NA UKU: WURI BIYU KAWAI

Ga ƙa'idar da nake so kowa ya hardace. Bindiga a mota wuri biyu take da shi: ko tana ƙarƙashin ikonka cikin kube mai rufe kunama, ko tana cikin akwatin ƙarfe a kulle. Babu wuri na uku. Kan kujera, ƙarƙashin kujera, aljihun ƙofa, ramin ajiye kofi, tsakanin cinyoyi, cikin jakar kayan aiki, duk waɗannan takobi ne a zare.

Me ya sa? Saboda mota abu ce mai gudu mai tsayawa. In kana gudun kilomita 100 a awa ka yi karo, motar ta tsaya, amma duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya daki wani abu. Ƙaramar bindiga cike da harsasai nauyinta ya kusa kilo ɗaya. Ƙarfe mai kilo ɗaya yana shawagi a cikin mota, ko bai tashi ba ya isa ya fasa kan mutum.

A ranar 11 ga Afrilun 1986, a yankin Miami na jihar Florida, jami'an hukumar FBI sun tare wasu 'yan fashin banki biyu. Biyu daga cikin jami'an sun riga sun zare bindigoginsu daga kube tun suna cikin mota, don su kasance a shirye. Da motocin suka yi karo, bindigogin suka suɓuce, suka rasa su a daidai lokacin da aka fara musayar wuta. A ranar an kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Waɗannan ƙwararru ne masu horo. To ina ga ni da kai? Mai cewa yana ajiye ta a kan kujera ne don ta fi saurin ɗauka, ya sani cewa ranar da zai buƙace ta, ita ce ranar da zai neme ta ya rasa.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne yara. A watan Maris na 2016, a Florida ɗin dai, wata mata tana tuƙa a-kori-kura tana jan tirelar doki, ɗanta mai shekara huɗu yana kujerar baya. Bindigar da ta ajiye a ƙarƙashin kujerar gaba ta zame ta koma baya. Yaron ya ɗauka, ya danna, harsashin ya ratsa kujera ya same ta a baya. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Wata guda bayan haka, a birnin Milwaukee na jihar Wisconsin, irin wannan ta sake faruwa: bindiga ta zamo daga ƙarƙashin kujerar direba, yaro ɗan shekara biyu ya ɗauka, mahaifiyarsa mai shekara 26 ta rasu a kan sitiyari. Wannan yaro zai girma, wata rana zai ji labari. Wa ya ɗora masa wannan kaya?

Wani zai ce ai yaro ƙarami ba zai iya danna kunama ba. Ɗan uwa, bindiga irin Glock, wadda ta cika hannun jama'a a can, ba ta da wani maɓallin kullewa daban da za a ɗaga kafin harbi, kuma nauyin da kunamarta take buƙata bai wuce kusan kilo biyu da rabi ba. Yaro ya sa manyan yatsunsa biyu, shi ke nan. Tun daga shekarar 2020, alƙaluman hukumar lafiya ta CDC suka nuna cewa bindiga ta wuce haɗarin mota, ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a Amurka. Allah Ya tsare mana zuriya.

NA HUƊU: IN ZA KA KAFA MATA MAZAUNI A MOTA

Mafi aminci shi ne ta zauna a jikinka, cikin kubenta na ƙugu, kada ka yi ta cirewa kana mayarwa. Sau da yawa harbin kuskure yana faruwa ne a lokacin sauya mata wuri, ana zarewa ana sokawa a cikin matsatsin mota, ga bel ɗin kujera, ga gefen riga da zai iya shiga zoben kunama ya ja ta. Duk taɓawar da ba ta zama dole ba, ƙofa ce ka buɗe wa Shaiɗan.

Amma na san wanda yake tuƙin awa takwas ko goma, bindigar ƙugu tana takura masa. In za ka kafa mata mazauni, ga abubuwan da za ka kiyaye:

1. Mazaunin ya zama kube ne mai tauri, wanda aka ƙera daidai da irin bindigarka, ya rufe kunama da zobenta gaba ɗaya. Kuben yadi mai laushi yana lanƙwashewa, kuma lanƙwasar tana iya danna kunama.

2. Ka guji maganaɗisun nan da ake liƙawa ƙarƙashin sitiyari. Yana da arha, yana da kyan gani a hoto, amma kunama a buɗe take, kuma karo mai ƙarfi zai iya fizge ta. Wannan shi ne miƙa takobi a zare da aka hana.

3. A ɗaure mazaunin da noti a jikin ƙarfe, ko a wuri mai ƙwari da aka ƙarfafa bayansa. Gam da roba ba sa jure zafin rana da girgizar hanya. Kafin a huda, a duba abin da ke bayan wurin, saboda wayoyin wuta.

4. Ya yi nesa da inda jakar iskar kariya take fashewa. Motoci da yawa na yanzu suna da ita har a saitin gwiwar direba. In ta fashe, duk abin da ke gabanta jifa za ta yi da shi.

5. Ka duba ina bakin bindigar yake kallo tana cikin mazaunin, da kuma hanyar da zai bi in ka zaro. In zai ratsa cinyarka, ko matarka da ke gefe, ko kujerar yara, to wurin bai yi ba. A cinya akwai babbar jijiyar jini, wadda in ta tsinke mutum yana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna.

6. In akwai yara a motar, mazaunin buɗe bai wadatar ba. Ko jikinka, ko akwati a kulle.

7. Kada ka taɓa ta kana tuƙi. In dole ne, ka faka tukuna.

Sannan ka sani, cire gidan harsasai ba ya nufin bindiga ta zama fanko. Harsashi ɗaya yakan zauna a cikin bututu. Sai ka cire gidan, ka ja saman baya, ka leƙa da idonka. Mutane nawa ne kalmarsu ta ƙarshe kafin musiba ita ce "ai babu komai a ciki"?

NA BIYAR: ƁARAWO DA RANAR JUMA'A

Mazaunin da muka yi bayani na lokacin da kake zaune a cikin motar ne. Da zarar ka fita, ya tashi daga aiki. Mota gilashi ce, dutse ɗaya ya ishe ta. Wani bincike da ƙungiyar Everytown ta yi a kan alƙaluman FBI ya nuna cewa a shekarar 2022, fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sacewa daga cikin mota aka ɗauke su.

Bindigar da aka sace ina take zuwa? Ba masallaci za ta ba. Hannun ɗan fashi za ta faɗa. Malamai sun haramta sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake zaton zai yi ɓarna da shi, bisa ƙa'idar toshe kafar ɓarna wadda Malikiyya suka shahara da ita. In sayarwa ta haramta, to wanda ya bar ta a aljihun gaban mota bai kulle ba, ai kyauta ya bayar.

Ku yi tunanin ranar Juma'a. Motoci ɗari a jere, masu su duk suna cikin sahu, kowa ya san ba za su fito ba sai bayan kusan awa guda. Ɓarawo ma ya san lokacin huɗuba. In shugabannin masallacinku sun hana shiga da makami, ka bi umarninsu, kada ka ɓoye ka shiga. Bukhari ya ruwaito yadda tsinin mashi ya soki tafin ƙafar Abdullahi ɗan Umar a Mina, da Hajjaj ya zo duba shi, Ibn Umar ya ɗora masa laifin, saboda shi ya bari aka ɗauki makami a rana da wurin da ba a ɗauka. Wuraren ibada da cunkoso suna da hukuncinsu.

To in za ka bar ta a mota, ka sayi akwatin ƙarfe. Akwai wanda ake ɗaurewa da igiyar ƙarfe a ƙafar kujera, akwai wanda ake kafawa da noti a cikin akwatin tsakiyar kujeru, an ƙera su daidai da motoci irin Ford F-150 da Chevrolet Silverado da Ram. Ka saka ta tun kafin ka iso wurin fakin, kada a gan ka kana sakawa. Kada ka bari ta kwana a mota, ka shigar da ita gida ka kulle. Ka rubuta lambarta ka adana, in an sace ka kai rahoto nan take. Kuma don Allah a daina manna hotunan bindiga da tambarin kamfanoninta a bayan mota. Talla ce kake yi wa ɓarawo, kuma akwai ƙanshin alfahari a ciki.

Wani zai ce, malam, ai sai abin da Allah Ya ƙaddara. Gaskiya ne. Amma Tirmizi ya ruwaito cewa mutumin da ya tambaya ko ya saki taguwarsa ya yi tawakkali, umartarsa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Makulli ba ya kore imani da ƙaddara.

NA SHIDA: TSALLAKA JIHA DA HARABAR MAKARANTA

Nan akwai abin da ya keɓanci masu a-kori-kura. Dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi kariya in zai ratsa wata jiha, daga inda bindigarsa ta halatta zuwa inda ta halatta, da sharaɗin babu harsashi a cikinta kuma hannu ba zai kai gare ta daga mazaunin fasinja ba. Mai ƙaramar mota sai ya sa a but. Kai kuwa motarka ba ta da but. Ga irin motarka, dokar ta ce sai a cikin akwati mai makulli, kuma ta fitar da aljihun gaban mota da akwatin tsakiyar kujeru, ba sa cikin lissafi. Wanda bai san wannan ba zai iya tashi daga gidansa yana mai bin doka, ya tsallaka iyaka ya zama mai laifi.

Haka kuma dokar tarayya ta 1990 ta hana bindiga a cikin tazarar ƙafa 1,000 daga makaranta, wato kusan mita 300, sai ga mai lasisin wannan jihar, ko wanda ya cire harsasai ya kulle ta. Mai kai yara makaranta da safe ya lura. Wannan na cikin dalilan da suka sa nake ba da shawarar a je a yi horo a karɓi lasisi, ko da jiharka ba ta tilasta ba.

NA BAKWAI: IN ƊAN SANDA YA TSAYAR DA KAI

A ranar 6 ga Yulin 2016, a Falcon Heights na jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Yana da lasisin ɗaukar bindiga, kuma da bakinsa ya sanar da jami'in cewa yana da ita. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi har lahira, a gaban wata mata da 'yarta mai shekara huɗu. A 2017 kotu ta wanke jami'in. Mu baƙaƙe ne, kuma harshenmu na baƙi ne. Dole mu ninka taka-tsantsan.

In an tsayar da kai, ka faka, ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki, ka ɗora hannayenka biyu a kan sitiyari. Wasu jihohi, kamar Michigan, sun wajabta wa mai lasisi ya sanar nan take. Ka faɗa da baki cikin natsuwa, ka ambaci inda take, kada ka nuna da hannu. Kada ka kai hannu ko'ina sai ya ce ka kai. Kuma tun a gida ka raba wurin takardun mota da wurin bindiga. In an zalunce ka, kotu da lauya suna nan gobe. Bakin titi ba wurin neman haƙƙi ba ne.

NA TAKWAS: WANDA KE RIƘE DA SITIYARI

Duk akwatin da za ka saya, akwai haɗarin da ba ya kullewa: zuciyarka. Titi wurin fushi ne. Wani ya sha gabanka, wani ya yi maka hon, wani ya zage ka ta taga. Wanda ba shi da makami zai yi tsaki ya wuce. Wanda ke da shi a gefen gwiwa, Shaiɗan yana da abin da zai raɗa masa. Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai a lokacin fushi, kuma da wani ya nemi wasiyya, hana shi fushi ya yi ta maimaitawa.

Ranar da ka ɗauki bindiga, ka sallama haƙƙinka na cacar baki a kan hanya. Kai ne mai ba da haƙuri, kai ne mai ba da hanya, ko da kai ke da gaskiya. Ɗaga ta don tsoratarwa kuwa, a shari'a la'anar mala'iku ce, a dokar ƙasar kuma babban laifi ne. In ka san kanka da zafin zuciya, wallahi barin ta ya fi maka alheri.

Haka wanda yake cikin ƙuncin rai, ko rikicin aure mai zafi, ko akwai mai irin wannan hali a gidansa. A shekarar 2021, mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. A irin wannan yanayi ka nisanta ta daga hannunka ta hanyar da doka ta yarda, ka nemi likita, ka nemi 'yan uwa. Babu abin kunya a ciki.

NA TARA: HUKUNCIN SAKACI

Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayanin kisan kuskure: diyya ga iyalan mamaci, da kaffarar 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Asalin diyya raƙuma ɗari ne. Wannan fa ga wanda bai yi nufi ba ke nan. Kuma ayar ta haɗa har da mamacin da ya fito daga mutanen da ke da alƙawari da Musulmi.

Malaman fiƙihu sun kuma yi magana a kan wanda ya zama sanadi. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, wani ya faɗa ya mutu, akwai lamuni a kansa, ko da yana gida yana barci lokacin da abin ya faru. Yaro ƙarami alƙalami bai hau kansa ba. To in ɗan shekara biyu ya danna kunama, wa za a tambaya? Wanda aka ba kiwo, domin kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi.

Dokar ƙasar ma ta fara bin wannan hanya. A Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. A Michigan, bayan wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford a watan Nuwamban 2021 da bindigar da mahaifinsa ya saya, kotu ta kama uwa da uba da laifin kisa ba da niyya ba a 2024, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15. Wannan kotun duniya ce. A lahira kuwa, ya inganta cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane, kuma mumini ba ya gushewa cikin yalwa a addininsa matuƙar bai zubar da jinin haram ba.

DAGA ƘARSHE

Ɗan uwa, kafin ka tada mota gobe da safe, ka tambayi kanka abu huɗu. Doka ta ba ni dama a inda nake da inda za ni? Kunamar a rufe take? In na taka birki da ƙarfi, tana nan inda na sa ta? In na fita daga motar, hannun yaro ko na ɓarawo zai kai gare ta? In ka kasa amsa ko da ɗaya, ka bar ta a gida a kulle. Wanda ba shi da kuɗin akwati da kube da horo, to bai kai ga sayen bindiga ba tukuna.

Mai wata tambaya a kan wannan babi ya ajiye ta a ƙasa, za mu duba in sha Allahu. Wanda kuma ya san ɗan uwa da ke yawo da makami a mota, ya tura masa, ka iya zama sanadin tsirar wani rai.

Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa. Ya kare mu da iyalanmu daga sharrin masu sharri, Ya sa kada ranar da za mu buƙaci makami ta zo. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya mayar da matafiyanmu gida cikin aminci.

Wallahu a'alam. Wa sallallahu ala Nabiyyina Muhammad wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.